Ɗaukar Hoton Fure Daga Kusa: Inda Ake Ɗora Fokas da Yadda Ake Tsara Hoton

Wani ɗalibin aikin gona da ke karatu a Samaru ya aiko mini da tambaya, ya haɗo da hotuna shida na furen kuɓewa da na wake waɗanda ya ɗauka a gona. Ya ce kyamararsa tana da gilashin da aka saba sayar da ita da shi, wato mai milimita 18 zuwa 55, kuma yakan gwada da wayarsa, amma duk lokacin da ya matsa kusa sai furen ya fito dishi-dishi, ganyen da ke bayansa ya fito tar. Idan kuwa aka yi dace furen ya fito, sai hoton ya cika da tarkace har ido ya rasa inda zai sauka. Yana so ya sani ko gilashin makro, wato wanda aka ƙera don ɗaukar ƙananan abubuwa daga kusa, shi ne maganin abin, domin ya fara tara kuɗinsa.

Ƙanena, na duba hotunanka ɗaya bayan ɗaya, kuma shawarata ita ce ka dakata da batun sayen gilashi tukuna, domin abin da ya ɓata biyar daga cikin shidan zai bi ka ko da ka sayi mafi tsadar gilashin da ke kasuwa, hasali ma zai ƙaru. Matsalolin nan biyu da ka ambata, ta fokas da ta cunkoson hoto, tushensu ɗaya ne. Idan kyamara ta kusanci abu, wurin da zai fito tar a cikin hoton yakan tsuke ƙwarai, saboda haka duk wanda ya danna maɓalli bai riga ya yanke shawarar wane ɓangare na furen yake son a gani ba, ya bar wa kyamara zaɓin, ita kuwa ba ta san fure daga ganye ba.

Bari mu fara da awo, domin sai ka ga ƙanƙantar wurin za ka yarda. Gilashin da ke hannunka ba ya iya saita fokas a kan abin da ya fi kusan santimita 25 kusa, kuma ana auna wannan tazara ne daga sensar da ke cikin kyamara, wato ɗan faifan da hoto ke sauka a kansa, inda aka zana wata 'yar da'ira da layi ya ratsa ta a saman jikin kyamarar, ba daga bakin gilashin ba. Da zarar ka wuce wannan iyaka, gilashin zai yi ta kai da komowa yana nema, daga ƙarshe ya kama ganyen da ke baya saboda shi ne abu na farko da yake iya gani sosai. Abin da ya faru da hotunanka uku na wake ke nan. Idan ka juya gilashin zuwa 55 ka tsaya daidai a kan iyakar, faɗin abin da zai shiga hoton bai wuce santimita 7 ba, wato furen kuɓewa guda ɗaya zai cika shi, kuma wannan ya ishi mai koyo aiki na shekara guda. To amma a wannan kusancin, idan ƙofar hasken gilashin tana kan f/8, kaurin wurin da zai fito tar kimanin milimita 4 ne kacal, kamar ƙwayar dawa. Idan ka tsuke ƙofar zuwa f/16 zai ninka, ya kai kamar ƙwayar wake. Shi kuwa gilashin makro da kake sha'awa, wanda ke kawo abu kan sensa daidai da girmansa na zahiri, a kan f/8 wurin da yake fitarwa tar bai cika milimita ɗaya ba.

Yanzu ka ɗauki wannan ƙwayar dawa ka kai ta cikin furen kuɓewa. Ka tsuguna ka leƙa shi da kyau kafin ka ɗaga kyamara. Falle biyar ne masu launin rawaya mai haske, sun naɗe juna kamar mazurari, can ƙasan mazurarin akwai jan tabo mai duhu kamar an ɗiga zoɓo, sannan daga tsakiyar tabon wani tsinke ya taso lulluɓe da garin fure rawaya, a kansa kuma akwai 'yan dunƙule ja wur masu laushi kamar karammiski. Daga bakin falle zuwa gindin mazurari akwai zurfin da ya ninka ƙwayar dawarka sau da yawa, don haka ba za su fito tar gaba ɗaya ba a hoto guda. Dole ka zaɓa. A yawancin furanni masu irin wannan ƙira, wato kuɓewa da yakuwa da rama da auduga, waɗanda duk dangin juna ne, ni a kan dunƙulen da ke kan tsinken nake ɗora fokas, domin nan ne idon mai kallo yake fara zuwa, kamar yadda yake fara zuwa idon mutum a hoton fuska. Idan wannan wuri ya fito raɗau, mai kallo zai yafe wa fallen da suka dusashe, har ma ya ga sun ƙara wa hoton taushi. Idan kuwa bakin falle ne ya fito tar tsakiya ta dusashe, kowa zai ce hoton ya lalace ko da bai san dalili ba. Na koyi wannan ne da asara tun zamanin fim, ranar da na ƙarar da hoto 36 a kan furen kabewa a wata fadama a bakin kogin Galma, aka wanko su na tarar kusan duka a gefen falle na ɗora fokas, saboda shi ne ya fi kusa da ni kuma ya fi sauƙin gani.

Hanyar da za ka bi ka sami wannan daidaito ita ce ka daina barin kyamara tana zaɓar wurin fokas da kanta. Ka mayar da ita kan ɗigo guda, ka kai ɗigon inda kake so, ko kuma, wanda ya fi, ka kashe fokas mai sarrafa kansa gaba ɗaya, ka murɗa gilashin zuwa iyakarsa ta kusa ka bar shi a nan, sannan ka riƙa matsawa da jikinka gaba da baya a hankali har sai tsinken ya fito, ka riƙe numfashi ka danna. Ka kafa gwiwar hannunka a kan gwiwar ƙafarka ko a ƙasa, ka ɗauki uku ko huɗu a jere, domin bugun zuciya kaɗai ya isa ya gusar da kai milimita biyu. Akwai wata ɗabi'a da masu hoton biki suka saba da ita, ta saita fokas a tsakiya sannan a karkata kyamara a gyara tsari, wadda ba ta da illa idan mutum yana tsaye nesa, amma a kan fure wannan 'yar karkatawar tana fitar da kai daga wurin da ka saita. Bayan kowane ɗauka ka buɗe hoton a allon kyamara ka ƙara girmansa har iyaka ka duba, domin a ƙaramin allo kuma a cikin hasken rana komai yakan yi kamar ya fito.

Akwai abin da mutane da yawa ba sa lura da shi, wato wurin da ke fitowa tar shimfiɗe yake kamar faifai, kuma yana fuskantar bayan kyamararka daidai wa daida. Duk abin da ya kwanta a kan wannan faifai zai fito, komai faɗinsa. Saboda haka kusurwar da ka tsaya tana ƙara maka ko ta rage maka fiye da yadda tsuke ƙofar haske za ta yi. Furen wake yana da babban falle guda mai faɗi a baya, kuma idan ka daidaita bayan kyamara da wannan fallen, kusan dukkan furen zai shiga cikin 'yan milimitocinka. Furen kuɓewa kuwa, idan ka zo masa ta gefe kaɗan yadda tsinken zai kwanta a gicciye a gabanka, za ka sami tsinken tun daga gindi har kai a fili, da garin furen ƙwaya-ƙwaya. Kada ka ce za ka tsuke ƙofar har f/22 ko f/32 don komai ya fito, domin haske idan ya bi ta ƙaramar kafa sosai yakan bazu, sai hoton gaba ɗaya ya yi laushi, kuma a nan ne duk ƙurar da ta sauka a kan sensa take bayyana baƙi-baƙi. Tsakanin f/8 da f/11 nake yin yawancin aikina, sai in buɗe zuwa f/5.6 idan ina son bayan hoton ya narke.

Sai iska, wadda ita ce ta ɓata hotonka na biyar. A wannan hoton babu wurin da ya fito tar ko ɗaya, kuma gefen fallen ya yi kamar an ja shi, alamar motsi ke nan, ba kuskuren fokas ba. Na'urar hana girgiza da ke cikin gilashi tana gyara rawar hannunka ne kawai, ba ta da iko a kan furen da iska ke kaɗawa. Ka sa saurin ƙiftawar kyamara ya kai 1/250 na daƙiƙa, idan da 'yar iska 1/500, kuma kada ka ji tsoron ɗaga ISO, wato ƙarfin da sensa ke jin haske, zuwa 400 ko 800, domin hoto mai ɗan tsakuwa-tsakuwa da ya fito tar ya fi mai santsi da ya dusashe. Ka kafa kara a ƙasa kusa da shukar ka ɗaure reshen da zare a ƙasan inda hoto zai kama, ko ka sa abokinka ya riƙe kwali ta inda iskar ke zuwa. Mafi sauƙi duka shi ne sammako, da sanyin safiya ake kama fara. Bayan asuba iska takan kwanta, raɓa tana kan falle, kuma furannin da kake nema lokacinsu ke nan: na wake yana buɗewa da sassafe ya rufe kafin rana ta take, na kuɓewa kwana ɗaya rak yake yi, na auduga kuwa ranar farko fari ne mai ratsin rawaya, kashegari ya rikiɗe ya yi ja-ja ya faɗi. A nan Zariya rana tana saurin hawa, don haka tattausan hasken safe bai cika wuce sa'a guda da rabi ba.

Idan rana ta riga ta yi ƙarfi, ka yi wa furen inuwa da farin mayafi marar kauri ko farar laima, hasken zai ratso a tausashe, inuwoyi masu kaifi su ɓace. Farar takarda a ƙasan furen tana mayar da haske cikin mazurari. Ja da rawaya suna saurin ƙonewa a hoto, su zama fenti guda babu jijiya babu ratsi, saboda haka ka rage hasken da kyamara ta auna da sulusi ko sulusi biyu na mataki (mataki guda shi ne rage haske zuwa rabi). Ka kuma gwada tsayawa yadda rana za ta kasance a bayan furen, ka ga yadda haske ke ratsa falle yana fito da jijiyoyinsa kamar na tafin hannu. Ranakun da hadari ya rufe sama a watan Agusta, da ranakun hazo a hunturu, suna ba da haske mai kyau duk yini, sai dai a hunturu kada ka kwance gilashi daga kyamara a fili.

Mu koma kan tsari. A hotonka na ƙarshe fokas ya zauna daidai, amma na ƙirga fure uku da rabin wani, da kunyar gona, da farar leda a kusurwar dama, da tsinin langa-langa yana ƙyalli a sama. Taura biyu ba ta taunuwa. Ka zaɓi fure ɗaya ya zama shi ne mai gida, sauran idan sun shigo su shigo a dusashe a bayansa. Kafin ka danna, ka ɗauke idonka daga furen ka zagaya da shi kusurwoyi huɗu na hoton, domin duk wani abu mai haske ko mai kaifin layi da ke baya zai janye ido ko da ya dusashe. Sau da yawa gusawa taƙi guda hagu ko dama, ko sauka ƙasa kaɗan, ya isa ya kawar da leda ya kawo inuwar bishiya a madadinta. Abin da ke sa baya ya narke ya zama launi zalla shi ne nisan da ke tsakaninsa da furen, don haka furen da ya miƙo shi kaɗai a bakin kunya, wanda bayansa fili ne na kamu da yawa, ya fi wanda ke cushe cikin ganye ko da na cikin ganyen ya fi kyau a ido. Mutanen da ke ɗauka a tsaye suna kallon ƙasa kullum ƙasa da ciyawa suke samu a baya. Ka durƙusa ka zo daidai tsayin furen. A cikin birni, jan bangon ƙasa na tsofaffin gidaje idan yana cikin inuwa yana yi wa farin fure irin na zogale baya mai kyau ƙwarai.

Za ka ji ana cewa kada a sa abu a tsakiyar hoto, a raba fili uku a tsaye uku a kwance a ajiye shi inda layukan suka haɗu. Wannan shawara tana da amfani, amma ban ɗauke ta doka ba. Furen da ka fuskanta kai tsaye, mai da'ira daidai kamar na kabewa ko bado, tsakiya ta fi dacewa da shi, musamman idan za ka yanke hoton ya zama murabba'i. Wanda ka zo wa ta gefe kuwa yana da fuska da ƙeya, sai ka bar masa fili ta inda yake kallo, ka bar reshensa ya shigo daga kusurwa a karkace maimakon ya tsaya ƙiƙam daga ƙasa kamar turke. Duk wanda ya taso yana ganin masu ɗinkin hannu a cikin birnin Zazzau ya riga ya san wannan ilimi. Dubi babbar riga mai aska takwas: an tara nauyin aikin a gefen aljihu, aka ajiye tambari guda a ɗaya gefen ya riƙe ma'auni, aka bar sauran yadin fili domin ido ya huta. Haka za ka yi da buɗaɗɗen fure a gefe ɗaya da ɗan toho a ɗaya gefen. Idan kuma za ka yanke falle, ka yanke da niyya, ka shiga ciki sosai har furen ya tumbatsa ya fita daga hoton, domin abin da ke da muni shi ne a ɗan gutsure bakin falle guda kamar an yi kuskure.

Tun da kai ɗalibin aikin gona ne, wajibi ne ka raba hoton ado da hoton shaida. Duk abin da na faɗa game da barin wasu sassa su dusashe na ado ne. Hoton da za ka sa a rahoton bincike, ko ka nuna wa malaminka don a gane irin shuka ko cutar da ta kama ta, yana bukatar komai ya fito: ka ja baya kaɗan, domin ja da baya yana ƙara kaurin wurin fokas da sauri, ka sa f/11, ka ɗauki gaba da gefe da kuma bayan furen inda ya haɗu da reshe, ka haɗa da ganye, ka ajiye rula a gefe daidai layin furen. Kwali fari ko ruwan toka a baya ya wadatar. Bajamushen nan Karl Blossfeldt, wanda ya koyar a Balin kuma ya rasu a 1932, da kyamarar da ya haɗa da hannunsa da irin wannan baya marar ado ya ɗauki hotunan tsirrai domin ɗalibansa, kuma har yau ana koyo daga gare su. Idan kana son ƙaramin fure ya fito tar daga gaba har baya, akwai dabarar ɗaukar hotuna goma ko ashirin a kan sanda mai ƙafa uku, kowanne ana gusar da fokas kaɗan, sannan a haɗe su a kwamfuta da manhaja irin Helicon Focus ko Zerene Stacker ko Photoshop. Wannan ba ya yiwuwa a cikin iska, sai ka tsinko furen ka sa a ruwa ka kai shi zaure kusa da ƙofa, inda haske ke shigowa ta gefe guda. Ka nemi izinin mai gona kafin ka tsinka, domin kowane furen kuɓewa ɗa guda ne da zai kai kasuwa.

Game da waya, babbar kyamararta galibi ba ta kama abin da ya fi kusan santimita 10 kusa, don haka ka ja baya ka yi amfani da ninki biyu, wato 2x, ka danna yatsa a kan tsakiyar furen ka riƙe har fokas ya kulle, sannan ka ja alamar haske ƙasa kaɗan. 'Yar kyamarar makro mai megafiksel 2 da ake sa wa wayoyi masu sauƙin kuɗi ba ta kai babbar kyau ba, kuma tsarin da ke dusashe baya don hoton fuska da lissafi yake aiki, yakan cinye gefen falle da siraran tsinkaye.

Idan ka yi damina guda kana wannan aiki ka ga lallai furannin da kake so sun yi wa gilashinka ƙanƙanta, irin na gyaɗa ko na lalle ko na ƙuduji da ke cikin gonar dawa, to ka fara da zoben ƙarin tsawo da ake sawa tsakanin gilashi da kyamara. Yawanci uku ake sayarwa a haɗe, milimita 12 da 20 da 36, babu gilashi a cikinsu, kuma na 20 kaɗai zai ninka maka kusancin da kake samu yanzu. Ka tabbata ka sayi masu ƙarafunan sadarwa a jiki, in ba haka ba ba za ka iya sarrafa ƙofar haske ba. Gilashin makro na gaske, idan lokacinsa ya yi, ka nemi mai tsawon milimita 90 zuwa 105, domin yana barin tazarar kusan santimita 14 tsakaninka da furen, inuwarka ba ta faɗa masa ba kuma ƙudan zuma ba ya tashi, sai dai ka sani a iyakar kusancinsa hasken da ke isa sensa yana raguwa zuwa kashi ɗaya cikin huɗu.

Kafin nan, ka yi atisaye da tumfafiya, wadda ba ka rasa ta a bakin hanya ko a kango rani da damina. Furenta ƙarami ne mai kauri kamar an sassaƙa shi da kakin zuma, fari da shunayya a bakin falle biyar, da wani ɗan kambi mai kusurwa biyar a tsakiya, kuma reshenta yana da ƙarfi, iska ba ta cika kaɗa shi ba. Ka zauna a gaban gungu guda, ka ɗauke shi a f/5.6 da f/8 da f/11 da f/16 ba tare da ka gusa ba, sannan ka sake daga gefe da kuma daga ƙasa, ka jera su a kwamfuta ka kwatanta. Ka kiyaye kada ka karya ganye ko reshe, domin farin ruwanta yana yi wa ido mummunan lahani, kuma hannun da ya taɓa shi ne zai koma kusa da idonka idan ka ɗaga kyamara.